Biyan Tara Ba Ya Share Suna a Kotu

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da ta sha tasowa a taron ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Zuru. Rigima takan tashi a kan iyakar gona, ko dabbobi su yi ɓarna a dawa, har a kai ga duka. A gaban majistare a tambayi saurayi ko ya yi, shi kuwa don ya gaji da zaman tsare, ga shuka tana jiransa, sai ya ce ya yi. A ci shi tara, dangi su sayar da akuya su biya, kowa ya ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Hukuncin yana nan a littafin kotu, in kuma an ɗauki hoton yatsunsa, 'yan sanda suna da rajistar masu laifi a Alagbon, cikin Legas. Kowa ya san yadda samarin Zuru suke son aikin soja tun zamanin kakanninmu, ga shi kuwa ɗaya daga cikin sharuɗɗan shiga soja ko ɗan sanda shi ne kada kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Tsarin Mulki na 1999 ma ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa sai bayan shekara 10.

Mu fara bambanta abu biyu. Tsarewa daban, hukunci daban. Ɗan ƙasarmu Janar Ishaya Bamaiyi ya zauna a tsare tun 1999, amma a 2008 babbar kotun Legas ta sallame shi, ta wanke shi. Wanda aka sallama haka ba shi da tabo a gaban doka. Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, ko tarar kuɗi kaɗan ce, hanya biyu ce a gabansa.

Hanya ta farko: ɗaukaka ƙara

In majistare ne ya yanke hukunci, ana da kwana 30 a kai kuka Babbar Kotun Jiha, wadda take zama a Zuru ma. In Babbar Kotu ce ta yanke, ana da kwana 90 a je Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato. Idan alƙalan sama suka ga ba a kawo isasshiyar shaida ba, ko ba a fassara wa mutum tuhuma da harshen da yake ji ba, suna iya rushe hukuncin, ya zama kamar ba a taɓa yinsa ba. Wannan batu na fassara ya shafe mu ƙwarai, gama tsofaffinmu da yawa C'lela suka fi ji, ba Turanci ko Hausa ba. In kwanakin sun wuce, lauya yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya nuna dalili mai ƙarfi. Wanda ya amsa laifi da bakinsa kuwa, ƙararsa ta fi wuya.

Hanya ta biyu: afuwa

Sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba Gwamna ikon yafe laifin da aka yi wa dokar jiha, bayan ya shawarci majalisar da aka kafa domin wannan aiki. Sashe na 175 ya ba Shugaban Ƙasa irin wannan iko a kan dokar tarayya. An ɗaure Janar Olusegun Obasanjo a 1995, aka sake shi a 1998, aka yi masa afuwa, shi ya sa ya iya yin takara ya zama shugaban ƙasa a 1999. Amma a lura: rage kwanakin ɗauri ko saki daga gidan yari ba cikakkiyar afuwa ba ce. A karanta takardar da kyau a ga abin da aka bayar.

Ina za a sami lauya?

Tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Taimakon Shari'a domin marasa ƙarfi, aka sabunta dokarta a 2011. Tana da ofishi a Birnin Kebbi. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙanƙancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024, yana da ikon neman lauya kyauta. A je da lambar shari'a, da sunan kotu, da ranar hukunci, da rasit na tara.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. Ran da aka yanke wa ɗanmu hukunci, magatakarda ya rubuta ranar, ya fara ƙirga kwana 30.
2. A nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu daga wurin rajistara.
3. A ware ɗan abu daga asusu, ko buhun dawa ɗaya a kaka, domin kuɗin mota da na takardu.
4. A gargaɗi samari kada su amsa laifin da ba su yi ba don neman komawa gida da wuri.
5. Kada a ba kowa cin hanci wai zai ɓatar da fayil. Wannan sabon laifi ne, hukuncin kuwa yana nan daram.
6. In afuwa ake nema, fasto da dattawan ekklesiya da mai gari su rubuta shaidar halin mutumin, gaskiya tsantsa.

Ba muna cewa a ɓoye mai laifi ba. Wanda ya cuci maƙwabcinsa, sai ya tuba, ya biya ɓarnar. Amma mu tuna Yusufu ya shiga kurkuku a Masar a kan ƙarya, Allah kuwa bai ƙyale shi can ba. Yadda muke fita gayya mu nome gonar mara lafiya, haka ya kamata mu tsaya wa ɗan'uwan da ke neman gyaran sunansa. Ku karanta wannan a taronku na gaba. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, da zaman lafiya da maƙwabtanmu.