Mutum Goma da Kofur Ɗaya: Sana'ar Soja Daga Ciki

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sabbin sojoji, samarin Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari kan cika shagunan kwamfuta suna cike fom. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne: shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'ar hannu, har 26 ga mai ita, kamar direba ko makaniki, tsawon mita 1.68 ga namiji. Takardar gama sakandare. Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda ya tsallake tantancewa galibi sai Zariya, makarantar horar da kurata da ke aiki tun 1924, ya sha rana da fareti wajen wata shida. A gida kuwa magana ɗaya ce: "Ya tafi soja." Ina aka kai shi, wa ke ba shi umarni, wa zai neme shi in ya ɓace, ba kowa ke tambaya ba.

Kurtun da aka yaye ya zama farabiti, kuma duniyarsa ta farko ba ta wuce mutum goma ba. Wannan ɗan sashe yana hannun kofur mai igiya biyu, da las-kofur mai igiya ɗaya a bayansa. Ba don kwalliya aka tsaya a goma ba. Iyakar mutanen ke nan da murya ɗaya za ta iya kaiwa gare su, ido ɗaya ya ƙirga su, sa'ad da wuta ke tashi kuma kowa ya kwanta da ciki. Kofur ya san wanda takalminsa ya yage, ya san mai zazzaɓin da ke ɓoyewa, ya san wanda matarsa ta haihu hankalinsa ya koma gida. Janar ba zai taɓa sanin waɗannan ba, ba kuma aikinsa ba ne.

Sashe uku su ne filatun, mutum talatin da 'yan kai, a ƙarƙashin laftana. A nan ne sana'ar take da wani abin lura. Laftanan yawanci saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar hafsoshi ta Kaduna ba, wadda aka buɗe a 1964, inda ya yi shekara biyar. Mataimakinsa saje ne mai igiya uku, wanda wataƙila ya ga daji tun laftanan yana firamare. Sajen ne zai ƙame ya sara masa ya ce "Sa!", kuma da gaske yake yi, don anini ya fi igiya. Amma laftana mai hankali kan ja shi gefe kafin ya buɗe baki gaban yara: "Saje, ya ka ga hanyar nan?" Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Hafsan da ya raina sajensa, umarninsa zai fita daidai, a yi masa biyayya daidai, aikin kuma ya lalace.

Filatun uku da 'yan ofis su ne kamfani, mutum ɗari da wani abu, a hannun manjo da samanjansa. Kamfani uku ko huɗu na masu bindiga, da na manyan makamai, da na hidima, su suka haɗa bataliya, ƙarƙashin laftanar kanar. Yawan mutanenta kan kama daga ɗari biyar zuwa ɗari takwas, wani lokaci fiye. Bataliya gari ce mai tafiya da ƙafarta: tana da likita, da liman da fasto, da ma'ajin kaya mai lissafin harsashi da buhunan shinkafa, da makanikai, da masu girki, da masu na'urar sadarwa, har da gadurum na masu laifi. A kan ladabin garin kuma akwai babban samanja, RSM, wanda tarinsa kaɗai kan miƙar da mutum. Farabiti zai iya shekara bai yi magana da kwamanda ba, amma RSM kullum yana wuyansa.

Rajimanti kan rikita mutane. A tsarin da muka gada daga Ingila, da can sunan babban gida ne mai bataliyoyi da yawa, kamar Rajimantin Nijeriya da aka haɗa a 1914 daga na Arewa da na Kudu. A yau an fi kiran ƙungiyar 'yan atilare ko injiniyoyi ko 'yan sigina da shi, girmanta kuma kusan na bataliya ne.

Daga nan sai sunayen da ake ji a rediyo. Bataliya kamar uku su ne birged, a hannun birgediya janar; birged-birged kuma su haɗa runduna, a hannun manjo janar. Shekaru da dama Jigawa na cikin kulawar Birged ta 3 da ke barikin Bukavu a Kano, ita kuma tana amsa wa Runduna ta 1 a Kaduna. Yanzu akwai Birged ta 26 ta motocin sulke a Dutse. Runduna ta 7 an kafa ta ne a Maiduguri a 2013 saboda yaƙin Boko Haram, ta 8 kuma tana Sakkwato. Ta 81 a Legas da ta 82 a Enugu lambobinsu gado ne daga rundunonin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da dattawan Arewa da yawa suka dawo da labarinsa.

Ƙasar Gumel, inda samarin nan suka fito, ba baƙuwar yaƙi ba ce. Masarautar da Mangawa suka kafa wajen 1750 ta zauna a inuwar Barno, ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, ta kuma gwabza da Haɗeja da Damagaram kafin Turawa su iso a 1903. Sai dai rundunar wancan zamani a ƙasashen nan da ubangida ake ƙirga ta. In an buga tambari, kowane hakimi ya zo da nasa: mahaya, 'yan lifidi, 'yan baka, dakarun ƙasa, duk 'yan gari ɗaya, an gama a koma gona. Bataliyar yau da gangan aka rushe wannan a cikinta. Ana ɗiba daga kowace jiha a gauraya, ɗan Sule Tankarkar ya kwana rami ɗaya da Batibi da ɗan Ijo, wanda zai ba shi umarni kuma bai san gidan ubansa ba. Ina ganin daidai ne. Sojan da ke bin ubangida ranar rikici na ubangidan ne, ba na ƙasa ba. Farashin wannan gaurayawar shi ne kewa, da kuma matsalar harshe. A zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki. Yau Turanci ne da buroka, har a 2017 hukumar soja ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo.

Duk wannan lissafi na takarda ne. A fili, bataliya ɗaya kan warwatsu a shingayen bincike da ƙauyuka masu nisa, wasu na asibiti, wasu na kwas, sai ka tarar da kofur da mutum shida suna riƙe da wurin da ya kamaci filatun. Wani ƙorafin da ake yawan ji daga bakin sojoji shi ne daɗewa a fagen daga ba a sauya su ba.

Iyaye kuwa, abu biyu ya kamata su rubuta su ajiye: lambar aikin ɗansu da lambar bataliyarsa. Hutu da albashi da labarin rauni duk ta nan suke bi, kuma in ta Allah ta kasance, sunan magajin da ya rubuta a fom shi za a nema. Wanda ya je bakin bariki ya ce ɗansa soja ne a Maiduguri, mai gadi zai tambaye shi: "Baba, wace bataliya?"