Caja mai baki da yawa: Abin da ya kamata ka sani kafin ka saya

A yawancin gidajen haya na Choggu da sauran unguwannin Tamale, ɗaki guda soket ɗaya ko biyu gare shi a bango. Abubuwan da ke neman caji kuwa sun fi haka: wayar maigida, ta uwargida, ƙaramar wayar da ake karɓar kuɗin MoMo da ita, tocila, fawa bank, wani gidan har da kwamfutar ɗalibin jami'ar UDS. Da magariba za ka ga ekstenshin shimfiɗe a ƙasa, an cusa masa kawunan caja huɗu, ɗaya ya karkace an tokare shi da takalmi don kada ya saki. Wannan cunkoson ne ya sa masu sayar da kayan waya ke tallar wata 'yar na'ura da ake ajiyewa a kan tebur, mai cajin abubuwa da yawa a lokaci guda.

Mece ce wannan na'ura?

Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, wani ya ɗara haka kaɗan. Igiya ɗaya ce ke fita daga bayansa zuwa soket ɗin bango, a gabansa kuma akwai bakuna huɗu ko shida ko goma, inda ake soka igiyoyin caji. Wasu suna da 'yan shingaye a sama da ake jingina wayoyi a tsaye.

Kada ka ɗauke shi ekstenshin. Ekstenshin yana miƙo maka wutar bango ne yadda take, sai kowace waya ta zo da kan cajarta. Shi kuwa wannan akwatin shi ne kan cajar, igiya kawai kake buƙata. Ba fawa bank ba ne kuma, domin ba ya ajiye wuta. Idan NEDCo, kamfanin da ke raba lantarki a arewacin Ghana, ya ɗauke wuta, nan take cajin ya tsaya.

Yaya yake aiki?

Wutar da ke shigowa gidajen Ghana tana da ƙarfin bolt 230. Wayar hannu ba za ta iya ɗaukar wannan ba, abin da take so a mafi sauƙi bolt 5 ne. Aikin akwatin shi ne ya sauke wutar bango zuwa abin da batir zai iya sha, sannan ya raba ta ga bakunan.

A nan ne kalmar wat ke shigowa, kuma ita ce ta fi komai muhimmanci a wannan bayani. Wat ma'auni ne na yawan wutar da caja ke iya bayarwa a lokaci guda. Ɗauki misalin tankin ruwa mai famfo shida amma bututu ɗaya ke ciyar da su. Ka buɗe famfo ɗaya, ruwa ya zubo da ƙarfi. Ka buɗe duka shidan, kowanne ya koma tsiyaya. Haka caja mai wat 30 da baki shida take: in ka cika bakunan, kowace waya za ta samu kusan wat 5, irin cajin da ake kwana ana yi. Waya ta zamani kuwa tana iya karɓar wat 18 ko 25 ko sama da haka.

Saboda haka yawan bakuna ba shi ne abin dubawa ba. Juya akwatin, ka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Za ka ga lamba tare da harafin W, wato jimillar wat. Masu inganci sukan rubuta abin da kowane baki ke bayarwa in shi kaɗai ne, da abin da yake komawa in an haɗa shi da wasu. Wanda bai rubuta komai ba, ko ya rubuta wata babbar lamba a jikin kwali kawai babu ita a jikin na'urar, ka ajiye wa mai shago kayansa.

Me ya sa bakunan ba iri ɗaya ba ne?

Iri biyu za ka gani. Akwai mai faɗi mai kusurwa huɗu, wanda kowa ya sani, sunansa USB-A, yana nan tun 1996. Akwai ƙarami mai zagayayyen gefe da ke shiga ta kowace fuska, shi ne USB-C, wanda aka fito da shi a 2014. Duniya ta karkata ga na biyun. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sabbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta daga 28 ga Disamba, 2024, kamfanin Apple ma ya koma kansa tun daga iPhone 15 a 2023. Sabbin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung galibi shi suke da shi.

Idan ka ga haruffan PD kusa da bakin USB-C, ma'anarsa caja da waya za su yi shawara tsakaninsu, wayar ta faɗi abin da za ta iya ɗauka, cajar ta ba ta daidai haka. Wannan ya amsa tambayar da mutane da yawa ke yi, wai ko caja mai wat 100 za ta ƙone ƙaramar waya. Ba za ta ƙone ta ba, muddin cajar ta gaskiya ce, domin waya tana jan abin da take buƙata ne kawai.

Sai dai ka san cewa wasu wayoyin suna da nasu salon cajin gaggawa wanda sai da cajar kamfaninsu yake aiki. A kan wannan akwatin za su yi caji, amma ba da saurin da ka saba ba. Igiya ma tana da nata hannu a ciki. Igiyar USB-C ta yau da kullum iyakarta wat 60, ruɓaɓɓiyar igiya kuwa tana iya mayar da caja mai kyau kamar ba ta aiki.

Wa zai amfana da ita?

Gida mai wayoyi uku zuwa sama, mai shagon MoMo da ke riƙe da wayoyi na layuka daban-daban, tela ko mai aski da abokan ciniki ke roƙonsa soket, da ɗalibai masu zama ɗaki ɗaya. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya lura da abu biyu: kwamfutar ta kasance mai karɓar caji ta USB-C, kuma baki ɗaya ya iya ba da wat 45 zuwa 65 shi kaɗai. Wanda waya ɗaya gare shi ba ya buƙatarta.

Akwai wani dalilin sayenta kuma. Tun 2020 Apple ya daina sa kan caja a kwalin sabuwar waya, Samsung ya bi sahu a 2021 a manyan wayoyinsa. Wanda ya sayi waya ta hannu ma sau da yawa haka yake karɓarta babu caja. Akwati ɗaya mai kyau ya fi kawuna huɗu na araha.

Nawa za ta ci maka?

Farashin saye yana bin yawan wat da sunan kamfani, kuma yana hawa da sauka tare da darajar sidi, tunda daga waje ake shigo da su. Sunaye irin su Oraimo da Anker an san su a kasuwa, shi ya sa ma ake yawan kwaikwayonsu. Ka sayi a shagon da zai ba ka rasit, ya kuma yarda ka gwada a gabansa da wayoyi biyu ko uku a tare.

Kuɗin wuta kuwa ba abin damuwa ba ne. Batirin waya mai lamba 5000 a jikinsa, in an haɗa da wutar da ke salwanta ta hanyar zafi, yunit ɗaya na mitarka zai cika shi kusan sau 40. Ke nan wayoyi biyar da ake cikawa kullum ba za su wuce yunit 4 a wata ba. Fanka ɗaya da ke kwana tana juyawa ta fi haka ci nesa ba kusa ba.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma a nan nake son ka tsaya da kyau, domin duk wayoyin gidan a wuri ɗaya za su taru. In na'urar jabu ce, asarar ba ta waya ɗaya ba ce. Jabun caja ana rage mata kayan kariya a ciki, tazarar da ke raba wutar bango da bakin da kake taɓawa ta zama 'yar kaɗan. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: ba ta da nauyi a hannu, tana ƙara siririya in tana aiki, tana warin roba, kuma fuskar waya takan riƙa tsalle-tsalle in ka taɓa ta tana caji. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne. In ta yi zafin da ba za ka iya riƙe ta a hannu ba, cire ta.

Ka zaɓi mai filogi mai ƙafa uku masu faɗi, irin wanda soket ɗin Ghana ke karɓa, domin yana da fis a ciki, wato 'yar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Mai ƙafa biyu da sai an tura tsinke ko murfin biro a ramin sama kafin ya shiga, yakan zauna sako-sako, yana tartsatsi. Ka duba kuma an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240.

Yanayin Tamale ma yana da nasa sharaɗi. A watan Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, batir kuwa ba ya son caji cikin tsananin zafi. Kada ka ɗora na'urar a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada ka jibga wayoyi kan juna. A lokacin hunturu ƙura na cika bakunan, sai ka cire ta daga wuta ka kakkaɓe da busasshen burushi, ba da allura ba. Da damina, in hadari ya haɗu ana tsawa, zare filogin daga bango gaba ɗaya. Haka ma in an ɗauke wuta: waɗanda suka ga zamanin dumsor, wato lokacin yawan ɗaukewar wuta, musamman a 2015, sun san sau da yawa dawowar wuta ce ke kashe kaya. Ka bari ta zauna na 'yan mintoci kafin ka mayar.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, kada ka sake sa shi a caji, ka kai wa mai gyara. In kuwa wuta ta tashi, kashe babban makunnin gidan, kada ka watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki, sannan ka kira 'yan kwana-kwana a lamba 192 ko 112.