UWARGIDA, KIN SAN YADDA ƊANKI KE GIRMA A CIKI?

Jaririn da ke cikinki ya soma ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak. Ɗaya ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har ya zama mutum.

A cikin ƙwayar akwai zaren gado, likitoci na ce masa DNA. Shi ke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. Ƙunshi 46 ne, 23 daga gare ki, 23 daga maigida. In an miƙe su za su kai mita 2.

Zaren nan sili biyu ne a tufke, kamar igiyar rama. Kafin ƙwaya ta rabu, sai an warware tufkar, an yi wa kowane sili sabon aboki. Ta haka kowace ƙwaya ke samun nata zare cikakke.

Kin dai san in aka ja silin igiya biyu da ƙarfi, gaba sai ta murɗe ta cije. To, haka zaren nan yake yi. Shi ya sa Allah ya sanya wasu sinadarai a ƙwayar. Wani na warwarewa, wani kuma yana gaba, ya yanke zaren, murɗar ta saki, ya sake haɗe shi.

Sabon sili kuwa ba ya samuwa sai da sinadarin folik asid. In ya yi ƙaranci, jininki zai ragu, jariri kuma yana iya zuwa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Wurin nan yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun ba ki tabbatar da cikin ba.

Don haka:

1. In kina neman haihuwa, nemi ƙwayar folik asid a asibiti tun kafin ciki ya shiga.
2. Da kin ga ɓatan wata, je awo.
3. Sha ƙwayoyin ƙarin jini kullum, yadda malamar asibiti ta ce.
4. Ci alayyafo da wake da gyaɗa. Kada ganye ya daɗe a wuta.
5. Kada ki sha maganin da ba a rubuta miki ba. Akwai magungunan da ke tsayar da aikin zaren nan. Gaya wa likita kina da ciki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha