Ƙwayoyin Bitamin da Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Daji



Maganar da zan yi a yau ta shafi mutumin da Allah Ya tashi kafaɗunsa daga ciwon daji, ya koma gida da rama da kasala. Sau da yawa 'yan'uwa sukan ruga kyamis su sayo masa kwalaben bitamin, bisa zaton cewa abin da ke gina jiki ba zai cutar ba. To, wannan zato ne nake so mu auna.

Da farko dai, bitamin iri biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, kamar B da C, waɗanda yawancin rararsu kan fita ta fitsari. Akwai kuma masu narkewa a mai, wato A da D da E da K, waɗanda jiki ke tarawa a hanta da kitse. Yawan A yakan lalata hanta, yawan D yakan tara sinadarin kalsiyam a jini har ƙoda ta jigata. Ko masu fita ta fitsarin ma ba su kuɓuta ba, domin yawan B6 yakan taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa.

Na biyu, ga abin da bincike ya nuna. A 1994 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi a Finlan a kan maza mashaya taba fiye da 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 wani gwaji a kan maza wajen 35,000, akasarinsu a Amurka, ya nuna bitamin E ya ƙara dajin furostet da kashi 17 cikin 100. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Kanada a 2005, a kan mutum 540 da aka yi wa gashi saboda dajin baki da maƙogwaro. Sabon daji ya fi fitowa a cikin masu shan bitamin E a lokacin da suke shan sa. Masana suna ganin cewa kariyar da irin waɗannan ƙwayoyi ke ba naman jiki mai lafiya tana iya kaiwa har ga ragowar cutar.

Amma kada a ɗauka cewa na haramta bitamin ɗungurungum. Wanda aka yanke wa ciki ba ya iya tsotsar B12 daga abinci, tilas a riƙa yi masa allura. Matar da ke shan maganin da ke rage ƙarfin ƙashi bayan dajin nono tana iya buƙatar D da kalsiyam. Bambancin shi ne, a nan likita ne ya duba, ya ga giɓi, ya ƙayyade adadi.

Saboda haka shawarata uku ce. Kada mai jinya ya sha ƙwayar da likitansa bai san da ita ba, musamman idan yana shan warfarin, domin bitamin K yana rage aikinsa. Kada ya wuce adadin da aka rubuta masa. Sannan ya nemi bitamin a akushi: zogale, alayyafo, wake, gwanda, lemo da kifi. Kuɗin kwalba guda ya isa cefanen kwanaki.

Allah Ya ba mu lafiya.