Lash da Zambon Alƙalami

Duk wanda ya taɓa ganin yadda Bagobiri ke tarbar Bayarabe da baƙar magana a kasuwa, shi kuma ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, daga bisani su rabu suna dariya, ya san cewa mutanen Goronyo da Wurno da Rabah ba baƙi ba ne wajen hikimar faɗin gaskiya cikin raha. Muna da habaici, muna da zambon makaɗa, muna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, ga kuma tashe a watan azumi. Abin da ba mu gada ba shi ne zuba wannan hikima a takarda da zane, kuma wanda aka fi sani da fara yin haka a jaridun Nijeriya abokin wasan Gobirawa ne, wato marigayi Akinola Lasekan, mutumin Owo.

A 1944 ya fara zane a jaridar West African Pilot, wadda Dakta Nnamdi Azikiwe ya kafa a Ikko a 1937, yana sa hannu da laƙabin Lash, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin a kan wannan aiki. A zamanin da mafi yawan jama'a ba su iya karanta Turanci ba, kuma hukumar mulkin mallaka na lura da kowace kalma da edita zai buga, sai ga mutum guda da alƙalami da tawada yana nuna wa talaka, a dubi ɗaya, wanda ke bisa da wanda aka danne. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, ya juya alƙalaminsa kan abokan hamayyar Azikiwe, don haka adalci ne a ce shi ma yana da ɓangare. Amma ko waɗanda ya soka ba su musanta fasaharsa ba. Ya koyar da zane a Jami'ar Nsukka, ya rasu a 1972.

Bayansa aka shiga zamanin mujallun barkwanci. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, inda aka fara sanin Papa Ajasco, mai sanƙo da neman mata, kuma mujallar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu a makarantun kwana da tashoshin mota har sai shafukanta sun tsufa, ko da yake batsar da ke ciki ta sa dattawa ƙyamarta. Mu a Arewa, masu karatun boko sun sha dariya da littafin barkwancin Sauna Jac, wanda aka buga a Zariya, garin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Da aka karya darajar naira a 1986, takarda da tawada suka yi tsada, ƙananan mujallu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Papa Ajasco kuwa ya yi hijira zuwa talabijin.

Dalilin da ya sa ake kewar wancan zamani ya wuce dariya kawai. Malamanmu sun bambanta nasiha da izgili, Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu ba'a. Saboda haka ma'aunin mai zane shi ne ya soki aikin shugaba, wanda haƙƙin jama'a ne a bincika, ya bar halittarsa da asalinsa da iyalinsa. Mujalla tana da edita mai tace wannan, tana da suna da adireshi, wanda aka zalunta yana da inda zai kai ƙara. Barkwancin wayar hannu kuwa ba shi da uba, yakan tashi da safe ya ɓata mutuncin bawan Allah, kafin magariba an manta da shi.

Abin zanawa bai ƙare ba a wannan yanki: ga tsadar taki, ga manomin albasa da ke kallon ruwan madatsar Goronyo alhali gonarsa na jiran ban-ruwa, ga ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya ƙarato. Mustapha Bulama ya nuna a Daily Trust cewa ɗan Arewa na iya riƙe wannan alƙalami. Saura a sami mujallar Hausa da za ta ware wa masu zane shafi, ta biya su ladansu, ta kuma tsaya musu ranar da wani babba ya fusata.