Mota na kuka, rimot ya yi layar zana

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwar shanu da raƙuma ke cika maƙil da fatake daga Kano, Damagaram har da kudancin ƙasar nan. A irin wannan cinkoso ba a rasa motar da za ta ɓarke da jiniya, fitilunta na walƙiya, mai ita na laluben aljihu, rimot kuwa ya mutu ko an baro shi gida. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, wani yana cewa, "Malam, anya motarka ce?"

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar na hannu ne, irin waɗanda ake kira Baljiyam. Da dama ta Kwatano suka sauka, suka ratso Nijar, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017. Mota ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu, makulli ɗaya tak ya biyo ta, ba rimot, ba littafin bayani. Wani ma bai san motarsa tana da alam ba sai ranar da ta tara masa jama'a.

Idan alam ɗin na kamfani ne, abin da sauƙi. Direba ya rufe ƙofofi da but da bonet, ya sa makulli a ƙofarsa, ya kulle, sannan ya buɗe. Idan ba ta yi shiru ba, ya shiga ya murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kawo, ko ya tayar da injin. Motoci da yawa, ciki har da Toyota da Honda, da hakan suke gane mai su. Mota mai maɓallin tayarwa kuwa, a cikin rimot ɗinta akwai ɓoyayyen makullin ƙarfe na buɗe ƙofa, kuma ko batirin rimot ɗin ya mutu, idan aka kara shi a jikin maɓallin aka danna, galibi takan tashi.

Wanda ya fi ba da ciwon kai shi ne alam ɗin kasuwa, wanda wani mai wayarin ya ɗaura tun motar tana hannun mai ita na farko. Irinsa yakan zo da ƙaramin maɓalli da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da akwatin fiyus. Ana murɗa makulli, a danna maɓallin nan take. Yawan dannawar ya danganta da samfurin.

Cire kan batir shi ne na ƙarshe. Da sifana lamba 10 ake kwance kan da ke da alamar ragi, a dakata 'yan mintuna, a mayar. Sai dai wata jiniyar tana da nata batirin, don haka za ta ci gaba da ihunta, kuma rediyon tsofaffin Honda yakan kulle ya nemi lambar sirri.

Abin takaici shi ne yaron gareji da zai ɗauko filaya ya ce, "Oga, a yanke wayar kawai a huta." Alam ɗin kasuwa sau da yawa a haɗe yake da wayar kikstata ko ta famfon mai. Ana yankewa ƙara ta tsaya, mota ma ta tsaya, kuma babu tabbas a sami mai kwamfutar duba mota kusa. Wani lokacin sai an dangana da Haɗeja ko Kano. Haka makullin da aka yanka a bakin kasuwa: zai buɗe ƙofa, amma tunda babu na'urar da injin ke ganewa a kansa, yana iya ta da jiniyar, mota kuma ta ƙi tashi.

Zafin Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40, yana cinye batirin mota, kuma batirin da ya yi sanyi yakan sa alam kuka cikin dare ba wanda ya taɓa shi. Na rimot kuwa ɗan faifai ne mai bolt 3, galibi CR2032, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Mai shirin sayen mota ya sa dillali ya nuna masa wurin ɓoyayyen maɓallin, a kuma gwada shi a gabansa kafin a ƙirga kuɗi.