Sojojin Jini A Sararin Sama

Tun ran da aka haifi mutum ƙasa ke jan sa, amma ba ya ji, don ya saba. In ka saki dutse ya faɗi, in ka yi tsalle ka dawo. Wannan ja shi ke ba kowane abu nauyinsa. To, wanda ke cikin kumbo mai kewaya duniya ba ya jin nauyin nan. Shi da kayansa duk shawagi su ke yi. Jikin da ya girma cikin nauyi fa, yaya ya ke yi in an raba su?

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. In cuta ta shiga, su ke gane ta, su hayayyafa, su far mata. Tun farkon tafiye-tafiyen sama likitoci suka yi zaton sojojin nan na raunana. A 1968 Walter Schirra, shugaban kumbon Apollo 7, ya yi fama da mura a sama, ga majina ta ƙi sauka don babu abin da zai jawo ta. Amma mura ba hujja ba ce, ko a ƙasa ana yin ta.

Hujja ta zo a 1983. Wani masani a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Augusto Cogoli, ya aika da fararen ƙwayoyin jinin mutum zuwa sama a cikin ɗakin bincike mai suna Spacelab, ya bar wasu a ƙasa. Aka zuba musu maganin da ke sa su zabura. Na ƙasa suka zabura, na sama kuwa ko kashi 10 cikin 100 na aikin 'yan'uwansu ba su yi ba. Ka lura fa, ƙwaya a cikin kwalba ba ta tsoro, ba ta kewar gida. A 1985 aka sake gwadawa, aka sa wasu cikin na'ura mai juyawa kamar majajjawa, don a mayar musu da nauyi. Waɗannan suka fi masu shawagi kuzari. Ashe ita kanta ƙwayar tana jin nauyi. A cikinta akwai wasu siraran zaruruwa masu riƙe da ita, kamar yadda dirkoki ke riƙe da rumfa, kuma an ga tsarinsu na hargitsewa in nauyi ya tafi.

In mai gadi ya yi gyangyaɗi, ɓarawon gida ya kan fara motsi. Ƙwayar cutar ƙarambau, wadda ke kwance a jijiyoyin mutum tun yana yaro, an same ta ta farka a miyau na wasu 'yan sama jannati. Sauran jiki ma bai tsira ba. Ƙashin ƙugu ya kan rage kamar kashi 1 cikin 100 kowane wata, jajayen ƙwayoyin jini kuma suna mutuwa da sauri fiye da na ƙasa.

Duk da haka sojojin ba su mutu ba. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sama daga 2015 zuwa 2016, ya yi allurar rigakafin mura a can, jikinsa kuwa ya karɓa sarai. Kuma da ya ke rigakafi ya fi magani, a kan killace matafiya wajen mako biyu kafin su tashi, don kada su hau da cuta.

Daga tashar sama, in ciwo ya yi tsanani, cikin sa'o'i kaɗan a ke dawo da mutum gida. Duniyar Mas kuwa tafiyar wata shida zuwa tara ce, babu asibiti a hanya, babu juyawa. Saboda haka kafin a tura mutum can, wajibi ne a san yadda za a tayar da sojojin jininsa.